Awon mulkin Buhari: abin da ya tarar, abin da ya yi, da abin da ya ture wa na baya

Ranar Litinin 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Muhammadu Buhari ya miƙa mulki ya kama hanyar Daura, farashin gwamnati na litar fetur bai kai Naira 200 ba. Kafin mako ya zagayo ana sayar da ita sama da 500 a Kano da Abuja. Ba a cika shekara ba dala ta haura Naira 1,500, sai ga waɗanda suka wuni a layin banki cikin Fabrairun 2023 suna yi masa Allah-ya-isa, su ne kuma suka dawo suna cewa gara jiya da yau. Da Allah ya yi masa rasuwa a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, aka kai shi makwancinsa a Daura bayan kwana biyu, magana ta sake juyawa, domin addini ya hana zagin mamaci, zaman makoki kuma ba wurin bin bahasi ba ne. Cikin shekara biyu da 'yan watanni an yanke wa mutum ɗaya hukunci iri uku, alhali ayyukan da ake yi wa hukuncin ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Abin da ya canja shi ne halin da masu hukuncin suke ciki.

Ba a kansa aka fara ba. Da aka kifar da Yakubu Gowon ranar 29 ga Yuli, 1975, yana can taron ƙasashen Afirka a Kampala, abin da ke bakin jama'a shi ne jiragen siminti da suka cushe tashar ruwan Legas, da alƙawarin miƙa mulki a 1976 da ya janye, da gwamnoninsa, waɗanda bincike ya samu goma cikin goma sha biyu da laifi. Bayan kisan Murtala, wanda ya gaje shi, har muƙamin soja aka tuɓe wa Gowon. Yau wa yake tuna siminti? In an ambaci Gowon, jihohi 12 na 1967 ake tunawa, da hidimar ƙasa ta 1973, da yadda aka rufe yaƙin basasa a 1970 ba tare da an kafa kotun ramuwa ba. Sai dai a ƙasar Ibo yunwar Biyafara ake fara tunawa, wanda ya isa ya nuna cewa ƙasa ɗaya tana iya ɗauke da hukunci biyu har abada. Murtala kuwa nasa ya bi hanya ta daban: kwana kusan 200 ya yi, mutuwarsa ta rufe littafinsa da yabo, sai daga baya masu nazarin aikin gwamnati suka fara lissafa ɓarnar korar ma'aikata sama da dubu goma ba tare da bin ƙa'ida ba, yadda ta koya wa ma'aikaci cewa kujerarsa ba ta da tabbas, don haka gara ya tanadi na gobe tun yau.

A Nijar ma haka. Ranar 18 ga Fabrairu, 2010, da sojoji suka tumɓuke Tandja Mamadou saboda tazarce, an yi murna a titunan Yamai. Da ya rasu a Nuwamban 2020, Baba Tandja ne na talakawan karkara, wanda a zamaninsa aka ƙulla yarjejeniyar haƙar man Agadem da matatar Damagaram, duk da cewa ba shi ya buɗe matatar ba a 2011. Mahamadou Issoufou ya sauka a Afrilun 2021 da lambar yabon Mo Ibrahim, a matsayin zaɓaɓɓen shugaba na farko da ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe mulki a ƙasar. Juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ya sa an sake buɗe littafinsa daga shafin farko.

To in ra'ayin ranar sauka ba abin dogaro ba ne, da me ake awo? Masu yin wannan aiki da gaske sukan raba lissafin gida uku: abin da shugaba ya tarar, abin da ya aikata da hannunsa, da abin da ya ture gaba ya bar wa magajinsa. Galibin gardamar da ake yi a majalisun hira a kan Buhari ta samo asali ne daga cakuɗa waɗannan uku, masoyi ya kwashe laifi duka ya zuba a gidan farko, maƙiyi ya kwashe ya zuba a na biyu. A ganina, hukuncin da zai daɗe a gida na uku yake.

Abin da ya tarar ba mai daɗi ba ne. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da 30 a Janairun 2016. A shekarar kuma tsagerun Neja Delta suka dinga fasa bututu, haƙar mai ta yi ƙasa. Jihohi fiye da ashirin ba sa iya biyan albashi, sai da gwamnatin tarayya ta ba su kuɗin ceto. A 2020 annobar korona ta rufe duniya. Saboda haka karayar tattalin arziki biyu da aka yi a zamaninsa, ta 2016 da ta 2020, ba za a ɗora masa su kacokan ba. Amma ana iya tambayar yadda ya tarbi guguwar. An rantsar da shi a ƙarshen Mayun 2015, bai rantsar da ministoci ba sai a Nuwamba, a daidai lokacin da masu zuba jari ke jiran su ji inda aka dosa. Wannan jinkiri nasa ne, ba na kasuwar mai ba.

Haka lissafin yake a fagen Boko Haram, sai dai a nan gadon ya zo masa da sauƙi fiye da yadda magoya bayansa ke faɗa. An ɗage zaɓen 2015 daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, kuma a cikin makonni shidan nan ne sojojin Najeriya, da taimakon na Chadi da Nijar, suka ƙwato Baga da Bama da Gwoza. Abin da za a rubuta wa Buhari shi ne ya mayar da cibiyar yaƙi Maiduguri, bama-bamai suka daina tashi a tashoshin mota da masallatan Kano da Kaduna da Abuja, shingayen bincike suka ragu, aka karɓo 'yan matan Chibok 21 a 2016 da wasu 82 a 2017, aka sayo jiragen Super Tucano 12. Wanda ya zauna a Kano a 2012 zuwa 2014 ba zai raina wannan ba. Mutuwar Shekau a Mayun 2021 kuwa a hannun abokan gabarsa na ISWAP ta faru.

Matsalar ita ce wutar da aka rage a gabas ta kama a yamma, kuma a idonsa ta kama. Satar shanu a dajin Zamfara ta riga shi, amma a zamaninsa ta zama sana'ar garkuwa da mutane mai tsari, da masu kai rahoto, da masu kai mai da burodi, da harajin da ake aza wa ƙauye kafin ya yi noma ko ya girbe. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara yana Daura a lokacin. Wata biyu da rabi bayan haka aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, sannan Tegina da Yawuri. Ranar 28 ga Maris, 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, a Yuli aka fasa gidan yarin Kuje. Babu manufa ɗaya da aka tsaya a kai: wannan gwamna yana sulhu, maƙwabcinsa yana cewa ba sulhu, a Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, 'yan bindiga suka tsallaka Sakkwato da Katsina. Mai awo na gaskiya ba zai ɗauki adadin harin bam kaɗai ba, ba kuma zai ɗauki adadin waɗanda aka sace kaɗai ba. Zai duba faɗin ƙasar da manomi ba ya iya shiga gonarsa, a farkon mulki da ƙarshensa. In an yi wannan awo, yankin da ya fi ba shi ƙuri'a shi ne ya fi yin asara. Kano kaɗai ta ba shi ƙuri'a miliyan 1.9 a 2015.

Yanzu gida na uku, inda aka fi ruɗewa. Abubuwa uku aka danne a zamaninsa don kada farashi ya nuna gaskiyar halin da ake ciki: kuɗin fetur, kuɗin dala, da giɓin kasafi.

Fetur ya tarar a Naira 87, ya kai shi 145 a Mayun 2016. A 2020, da mai ya faɗi a duniya, gwamnati ta ce ta cire tallafi, da farashi ya farfaɗo sai tallafin ya dawo ta bayan gida, NNPC tana cire kuɗin tun kafin ta kai saura asusun rabon tarayya. Dokar man fetur da ya sa wa hannu ranar 16 ga Agusta, 2021 ta tanadi barin kasuwa ta yi farashi, amma a Janairun 2022 aka ɗage aiwatar da wannan sashe da wata goma sha takwas. A 2022 kaɗai tallafin ya ci sama da Naira tiriliyan huɗu. Kasafin 2023 kuwa ya ware kuɗin tallafi har zuwa watan Yuni ne kawai, wato an saita agogon ya buga bayan mai shi ya bar ɗakin.

Dala ya tarar a kusan 197 a hukumance, ya bar ta a kusan 460. Amma a kasuwar bayan fage, inda ɗan kasuwar Kantin Kwari yake sayenta, ta tashi daga kusan 220 zuwa kusan 750. Tazarar Naira 290 a kan kowace dala ba ƙaramar ƙofa ba ce. Duk wanda ya samu dala miliyan ɗaya a farashin gwamnati ya juya ta a kasuwar canji ta Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja, ya tashi da ribar kusan Naira miliyan 290 bai sauke ko kwali ɗaya a tasha ba. Gwamnatin da ta zo yaƙi da cin hanci ita ta buɗe wannan taga, ta bar ta a buɗe shekara da shekaru. Kuma Babban Banki ya bar alƙawuran dala na kusan biliyan bakwai da bai cika ba.

Giɓin kasafi shi ne wanda talaka bai gani ba, ya dai ji a jikinsa. Sashe na 38 na dokar Babban Banki ta 2007 ya yarda gwamnati ta ranci kuɗi daga bankin don toshe giɓi na ɗan lokaci, amma kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. A 2015 wannan rance bai kai Naira tiriliyan ɗaya ba. A ƙarshen 2022 ya kai tiriliyan 22.7. Kuɗi ne da ba a samo daga haraji ko ajiyar wani ba, ƙirƙirar su aka yi, don haka sun shiga kasuwa suna bin buhunan masara da ba su ƙaru ba. A Mayun 2023, ana saura makonni ya sauka, majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40 a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari, wato kusan tiriliyan biyu kowace shekara kuɗin ruwa kaɗai. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A nan lissafin ya zo daidai: jaririn da aka haifa a watan da Buhari ya sauka zai cika arba'in kafin a gama biya.

Wannan ne ya sa kwatanta farashin jiya da na yau yake yaudara. Sauƙin Mayun 2023 sauƙin maigidan da ke ciyar da iyali da bashin mai kanti ne, tukunya tana tafasa, littafin bashi yana cika. Amma adalci ya hana a tsaya nan. Manyan 'yan takara uku na 2023 duk sun yi alƙawarin cire tallafi, gaskiya ne, sai dai cire shi da kalma ɗaya a jawabin rantsuwa, sannan a saki Naira bayan mako biyu, ba tare da an shirya abin rage raɗaɗi ba, zaɓin Bola Tinubu ne kuma a littafinsa za a rubuta. Hauhawar farashi ta tashi daga kashi 9 zuwa 22 cikin ɗari a hannun Buhari, ta kai 34 a tsakiyar 2024. Nawa ne na wanda ya tara bashin, nawa ne na wanda ya zaɓi yadda za a biya? A kan wannan rabo masana tattalin arziki za su daɗe suna jayayya.

Su kansu alƙaluman suna da tarko. Ofishin kula da basussuka ya nuna bashin ƙasa Naira tiriliyan 12.1 a Yunin 2015, tiriliyan 46.25 a Disamban 2022, sannan tiriliyan 87 a Yunin 2023. Mai son sukar Buhari zai ɗauki na ƙarshe ya ce ya ninka bashi sau bakwai. Amma tsallen da aka yi cikin wata shida ya zo ne daga shigar da rancen Babban Banki cikin lissafi, da kuma faɗuwar Naira bayan saukarsa, wadda ta kumbura bashin waje in an juya shi zuwa Naira. In an auna da dala, daga kusan biliyan 64 ne zuwa 103 a ƙarshen 2022, kuma jimillar ta haɗa da bashin jihohi. Abin da ba ya jayayya shi ne bashin waje, daga biliyan 10 zuwa sama da 41, a ƙasar da Obasanjo ya samo mata yafiyar biliyan 18 a 2005. Rashin aikin yi ma haka: hukumar ƙididdiga ta ce kashi 33.3 a ƙarshen 2020, da ta sauya hanyar ƙirga a 2023 sai ya koma kashi 4 da ɗoriya, ba don an samu ayyuka ba. Kuma duk wani lissafi na kowane mutum ɗaya a kan hasashe yake tsaye, tunda rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma an ɗage ta.

Awo mafi sauƙi da kowa zai iya yi a gida shi ne a raba mafi ƙarancin albashi da farashin abu. Naira 18,000 a 2015 tana sayen litar fetur sama da 200. Naira 30,000 a Mayun 2023 tana sayen kusan 155. Naira 70,000 a ƙarshen 2024 kusan 70 kawai. In da dalar kasuwa aka auna, albashin ya faɗo daga kusan dala 80 zuwa 40 tun kafin Buhari ya sauka. Wato gangarar ta fara da shi, ta ƙara gudu bayansa.

Akwai kuma abubuwan da ba gado ba ne, ba kuma turawa gaba ba, hannunsa ne tsaf. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 na ciki. Manufar ita ce a kare shinkafar gida, a hana fasa-ƙwauri. Noman shinkafa ya ƙaru, masana'antun casa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, wannan gaskiya ne. Amma an rufe ƙofa kafin rumbu ya cika. Kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari suka mutu, na Maraɗi da Ƙonni suka ji jiki, aka hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, hauhawar farashin abinci ta kusa kashi 23 a Maris na 2021. Fasa-ƙwauri bai tsaya ba, kuɗin wucewa ne ya ƙaru. Shirin bai wa manoma bashi da ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya raba sama da Naira tiriliyan ɗaya, aka jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022, amma Babban Banki da kansa ya ce abin da aka biya bai wuce rabi da kaɗan ba, Asusun Lamuni na Duniya ya ce bai kai rubu'i ba. Dalilan sanannu ne: taki da iri suna isa bayan damina ta yi nisa, sunayen bogi sun shiga jerin manoma, ambaliya da 'yan bindiga sun cinye wasu gonaki, da yawa kuma sun ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na gwamnati.

Sauya fasalin Naira shi ne mafi muni, domin ya riga ya taɓa yin irinsa a Afrilun 1984, ya san abin da yake haifarwa. An janye kuɗin da ke hannun jama'a daga sama da tiriliyan uku zuwa ƙasa da tiriliyan ɗaya cikin wata huɗu, ba a buga isassun sababbin da za su maye gurbi ba. Mai POS yana karɓar dubu biyu kafin ya ba da dubu goma, mai tumatir yana kallon kayansa suna ruɓewa saboda ba tsabar kuɗi, ƙauyen da ba banki ba layin waya an ce ya koma tiransifa. Gwamnonin jam'iyyarsa na Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta rushe wa'adin daina karɓar tsofaffin kuɗi a ranar 3 ga Maris, 2023.

Batun gaskiya kuwa, a nan ne ake bukatar raba mutum da hukuma. Har ya bar duniya ba a kama shi da sata ba, kuma a ƙasa irin tamu wannan ba abin wasa ba ne. Ya tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, an dawo da dala miliyan 322 na Abacha daga Suwizalan da wasu miliyan 311 a 2020, an ɗaure tsofaffin gwamnoni biyu, Dariye da Nyame, a 2018. Amma shi ɗin ne ya yi musu afuwa a 2022. Shugaban EFCC da ya naɗa, majalisar dattawa ta ƙi shi sau biyu, daga baya aka dakatar da shi. An gurfanar da babban akantan ƙasa na zamaninsa kan tuhumar Naira biliyan 109. Tun a Oktoban 2016 mai ɗakinsa ta faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa wasu tsiraru sun ƙwace gwamnatin. Tarihi ba ya tambayar ko aljihun shugaba tsaf yake kawai, yana tambayar ko ya sa ido a kan waɗanda ya ba amana, da kuma ko hukumomin da ya bari za su iya kama ɓarawo ba tare da an jira umarni daga fada ba. Salon mulkinsa na naɗa mutum ya juya masa baya shekara takwas ya sa amsar ba ta yi masa daɗi ba.

Ga shari'a kuma, akwai tabon da ba zai goge da sauƙi ba. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ya tabbatar da kisan mabiyan Sheikh Zakzaky sama da 340 a Zariya a Disamban 2015, ba a hukunta soja ko ɗaya ba. Kotu ta ba da umarnin sakin Sheikh Zakzaky a Disamban 2016, bai fita ba sai a Yulin 2021 bayan wata kotu ta wanke shi. Sambo Dasuki, mai ba Jonathan shawara kan tsaro, ya yi shekara huɗu a tsare duk da belin da kotuna suka ba shi. An dakatar da babban jojin ƙasa ana saura makonni a yi zaɓen 2019. Amma wannan mutumin ne dai, da ya tafi jinya a 2017, ya rubuta wa majalisa ya miƙa wa mataimakinsa ragama, abin da rashin yin sa a lokacin jinyar 'Yar'aduwa ya jefa ƙasa cikin ruɗani a 2010. Bai nemi tazarce ba. A zaɓen 2023 jam'iyyarsa ta faɗi zaɓen shugaban ƙasa a Katsina da Kano da Legas. Yanzu ana ganin wannan kamar ba komai ba ne, amma bayan juyin mulki a Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar, nauyinsa yana iya ƙaruwa da shekaru.

Ayyukan raya ƙasa su ne magoya bayansa suka fi dogara da su, kuma a nan sai an bi kowane aiki da tambaya uku: wa ya fara, wa ya biya, yana aiki ko ba ya yi. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, an kusa gama shi a zamanin Jonathan, Buhari ya buɗe a Yulin 2016. Na Itakpe zuwa Warri tun 1987 aka fara, shi ya kammala a 2020. Na Legas zuwa Ibadan a zamaninsa aka gina, da bashin Sin. Gadar Neja ta biyu an sha aza mata harsashi, shi ya samo kuɗi ya gama. A ƙasar da kowane sabon shugaba ke watsar da aikin na baya, ƙarasa aikin wani abin yabo ne. A gefe guda, titin Abuja zuwa Kano da aka ba da kwangilarsa a ƙarshen 2017 ya sauka bai gama ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ba, madatsar Mambila ba a ko fara ba, tashar ruwan Baro an yi bikin buɗewa a 2019 ba jirgi ba hanya, matatun mai na gwamnati kuwa ba wadda ta tace lita ɗaya ta sayarwa a ranar da ya sauka.

Masu rubuta tarihinsa za su yi fama da ƙarancin takardu. Rahoton kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan Adam, wanda shi kansa Buhari ya ƙi bayyana a gabansa, an miƙa shi a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Babangida sai a Fabrairun 2025, bayan shekara 32, ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Babban Banki bai wallafa bayanan asusunsa na 2016 zuwa 2022 ba sai bayan an yi sabuwar gwamnati. Littattafan da masu magana da yawunsa suka fitar shaida ce ta ɓangare ɗaya, a karanta su a matsayin haka. Abin da zai fi amfani shi ne bayanan da ke fitowa a shari'o'in jami'an gwamnatinsa, inda ake rantsuwa a kuma gabatar da takarda mai sa hannu, domin a nan ne za a gane wane umarni ne ya fito daga teburinsa, wane ne aka yi da sunansa.

Sauran lissafin yana hannun waɗanda suka biyo baya. Gyaran tsarin mulki da ya sa wa hannu a Maris na 2023 ya ba jihohi damar yin dokar lantarki da layin dogo. Ba a yi masa biki ba, amma a 2024 Inugu da Ondo da Ekiti suka fara karɓar ikon kula da kasuwar wutarsu. In jihohin Arewa suka yi amfani da wannan dama, sa hannun minti ɗaya zai fi wasu gadoji nauyi. Bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kano, kilomita 614, da aka ƙaddamar a Yunin 2020, darajarsa tana ga ko masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai za su farfaɗo in gas ya iso. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 a kan kusan dala biliyan biyu, shi ne aka fi zaginsa a kai a Kudu, ana cewa dangi ya yi wa. A Nijar kuwa akwai dattawan da har yau suke kiran yunwar 1984 da sunansa, saboda rufe iyakar da ya yi a wancan mulki. Layin zai biya kuɗinsa ne kawai in kayan Nijar suka bar hanyar Kwatano suka biyo ta Legas da Kano, wanda ke bukatar a haɗa Ibadan da Abuja, a gama Kaduna zuwa Kano, kwastan su daina tsare kaya mako-mako, kuma Abuja da Yamai su kasance suna ga-maciji. Wata biyu bayan saukarsa aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyakar, ba a buɗe ta daga ɓangaren Najeriya ba sai a Maris na 2024.